Fitilar da ke kunna kanta da magariba

Ɗana Auwalu, na ga saƙonka. Ka ce ka sa fitila mai aiki da hasken rana a tsakar gida, Hajiya ta ce ba a barin fitila ta kunna kanta, sai da hannu da bisimilla. Kana tambaya addini ne ko al'ada.

Al'ada ce, amma kada ka raina ta. Abin da ya zo a hadisi shi ne a tsare yara a gida da faɗuwar rana, a kuma kashe fitila in za a kwanta. Lokacin da muke yara a unguwar Gangare a Jos, da la'asar sakaliya ake miƙo mini fitilar ƙwai in goge ta da toka, in gyara lagwani, in zuba kananzir. Hajiya na kunnawa tana kiran sunayenmu ɗaya bayan ɗaya. Wanda bai amsa ba, ranar sai ya sha bulala. Ka ga ashe ƙidayar yara ake yi.

Ita kuwa fitilarka babu aljani a cikinta. Farantin nan na samanta da silikon aka yi shi, wanda ake tacewa daga yashi. In haske ya sauka a kai, sai ya zaburar da ƙwayoyin lantarki, ilektaron, su gudana su cika batir. Rana na faɗuwa gudun ya yanke, na'urar ta gane dare ya yi, ta kunna fitilar. Einstein ne ya yi bayanin yadda haske ke fizgo ilektaron tun 1905. Abin da ya fi burge ni, ni da na ƙare aikina ina koyar da kimiyya, shi ne in an ƙanƙanta irin waɗannan sinadarai zuwa nanomita kaɗan, wato ɗaya bisa biliyan na mita, girman ƙwayar ne ke zaɓar launin haskenta: ƙarama ta ba da shuɗi, babba ta ba da ja. A kan wannan aka ba masana kimiyya Bawendi da Brus da Ekimov kyautar Nobel a 2023, har ana sa irin ƙwayoyin nan a gilashin talabijin. Allah mai iko!

To ga shawarata. Kada ka yi wa Hajiya gardama. Yawancin fitilun nan suna da makunni. Ka bar mata ta danna da bisimillarta, ta kira jikokinta. Sannan hunturu ya kama, ƙurar Jos kuwa ka san ta, tana rufe farantin har caji ya ragu. Ka ɗora wa Ummi aikin goge shi da tsumma mai laushi duk la'asar. Ka gaishe da mai ɗakinka.

Kawunka