Me ya sa dogon gini yake karkacewa a hoton waya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, duk lokacin da na ɗauki hoton dogon gini sai ya fito kamar zai kife ta baya, ƙasa da faɗi, sama a tsuke. Ko kyamarar wayata ce ta samu matsala?

Amsa: Wa alaikumus salam. Kyamararka lafiyarta ƙalau. Ka matsa kusa da ginin ne, sannan ka ɗaga kan wayar don ka kamo rufinsa. Da zarar wayar ta kishingiɗa, layukan bangon da suke tsaye sai su riƙa matsowa juna ta sama. In kuma ka danna 0.5x, wato gilashin kyamara mai kamo fili mai faɗi, abin ya ƙara lalacewa, domin wannan gilashin yana miƙar da duk abin da ke gefen hoto.

Ka ja da baya, ka riƙe wayar a tsaye cak, ka danna 2x in wayarka tana da shi. Sannan ka kunna layukan awo. A iPhone ka shiga Settings, sai Camera, ka kunna Grid. A wayoyin Samsung yana cikin saitin kyamarar. Layi biyu za su fito a tsaye, biyu a kwance, su raba allon gida 9. Ka jera kusurwar bangon da ɗaya daga cikin na tsayen kafin ka danna. Hotunan da ka riga ka ɗauka kuwa, manhajar Snapseed tana miƙe su da wani sashenta mai suna Perspective, sai dai gefunan sukan ɗan ɓaci, shi ya sa ni na fi son a gyara tun wurin ɗauka.

Tambaya daga wata: Na ji ana cewa in za a ɗauki hoto a nemi layin da zai ja ido. Wane layi ke nan?

Amsa: Duk abin da ya miƙe ko ya lanƙwasa a gabanki: titi, shinge, matakala, har inuwar ƙarfen taga a kan daɓe. Ido yana bin layi har ƙarshensa, don haka ki tsayar da wanda kike ɗauka a inda layin ya nufa. Ki ɗan durƙusa, shingen ya taso daga kusurwar ƙasa ta hoton ya tafi wurinsa. Ki kuma leƙa bayansa tukuna, kada turken lantarki ya fito kamar daga tsakar kansa ya tsiro. In kin ga haka, taku ɗaya zuwa gefe ya isa.