Amsa ga ɗan koyo a kan fitar da sabon ɗinki daga kayan gwanjo

Isiyaku, na karanta takardar da ka bar mini a kan teburin yanka, na kuma duba kayan da ka haɗo da ita. Ka ce ka sayi manyan riguna uku na maza da wandon jins biyu a wajen 'yan gwanjo na kasuwar Sabon Gari, ka fitar da rigar yarinya daga riga ɗaya, ka ɗinka jakar makaranta daga wando ɗaya, amma da aka yi wa rigar wanki ɗaya sai ta murɗe, gefe guda ya fi ɗaya tsawo, ita kuwa jakar hannunta ya tsinke kafin mako ya zagayo. Ka kuma tambaya ko irin wannan aiki ya dace da wanda yake so a kira shi tela, tunda abokanka suna yi maka dariya suna kiranka mai faci.

Tambayarka ta biyu ba ta buƙatar dogon bayani. Lokacin da nake koyo a cikin birni, ban taɓa ganin an yar da babbar riga ba. Idan ta tsufa a jikin maigida, akan rage ta a fitar wa ɗansa 'yar shara, a kai ta marina a sake rina ta da shuni, a kai mabuga ta dawo tana ƙyalli, kuma manyan teloli ne suke wannan aiki domin ƙaramin tela ba ya iya shi. Daga baya masaƙun Kaduna suka durƙushe, KTL ta rufe a 2002, UNTL ta bi baya a 2007, kasuwa ta cika da yadi mai araha wanda roba ta fi auduga yawa a cikinsa. Yau sau da yawa audugar da ke jikin rigar gwanjo mai kyau ta fi sabon yadin da talaka zai iya saya, saboda haka wanda ya iya sarrafa ta ba ya cikin abin dariya.

Kuskurenka ya faro ne daga yadda ka tunkari kayan. Idan aka kawo maka sabon yadi, mutum kake fara aunawa, sannan ka yanka yadin ya bi awonsa. A gwanjo kuwa yadin kake fara aunawa, shi ne zai gaya maka abin da zai iya zama, sannan ka nemi wanda abin zai shiga. Kai ka riga ka ƙudurta rigar yarinya 'yar shekara bakwai tun kafin ka buɗe rigar, da ka ga yadin bai kai ba sai ka karkatar da yankan domin ka kauce wa gurbin aljihu, kuma wannan karkatarwa ita ce ta murɗe rigar.

Kowane yadi saƙaƙƙe yana da zaren tsaye da zaren kwance. Zaren tsaye ya fi ƙarfi kuma ba ya miƙewa, na kwance yana ɗan bayarwa, amma idan ka ja yadi ta kusurwa za ka ga ya miƙe sosai. A sabon yadi bakin saƙa yana nuna maka inda tsaye yake, tsohuwar riga kuwa ba ta da wannan baki, sai dai ka nemo shi da kanka. Layin maɓallai na gaban riga a kan zaren tsaye aka yanka shi, haka ma tsakiyar baya, kuma idan rigar mai ratsi ce ratsin ya ishe ka jagora. Idan duk babu, ka zare zare ɗaya daga gefe ka bi sawunsa da alli. Da na shimfiɗa rigar da ka ɗinka, na tarar gabanta a karkace ka yanke shi, bayanta kuma a kwance, don haka da ruwa ya taɓa su kowanne ya koma inda saƙarsa ta ja shi. Babu guga ko gyaran kalmasa da zai daidaita wannan. Sai dai a farke ta a fitar da rigar jariri.

Wannan ya kawo ni ga farka, wadda a ganina ita ce rabin aikin, kuma ita ce 'yan koyo suka fi ƙi domin ba ta da daɗi. Na ga alamar almakashi ka bi gefen ɗinki ka datse, ka yi asarar kusan inci ɗaya a kowane gefe, wanda da yana nan da ba ka buƙaci karkata ba. Ka wanke kayan tukuna da sabulu da ruwan ɗumi, masu duhu daban, domin warin dila ya fita, wanda zai zuba ya zuba, wanda zai tsuke ya tsuke tun kafin ka sa masa awo. Sannan ka zauna da reza ka bi ɗinki ɗaya bayan ɗaya, ka raba hannu da jiki, ka cire kwala da aljihu, ka tsince guntayen zare, ka yayyafa ruwa ka goge kowane ɓangare har ya kwanta. Bayan rigar gwanjo ta namiji mai girma yakan ba ka kusan inci 24 faɗi da 28 tsayi, hannayen biyu idan aka buɗe su sukan isa hannun rigar yaro ko gajeren wando, gaban kuwa kada ka taɓa layin maɓallansa, ka juya shi ya zama bayan rigar yarinya, ka huta da huda ramin maɓalli. Zif da maɓallai da aljihu ka adana su a gwangwani, watarana za su fisshe ka.

Ita kuwa jaka, abubuwa uku suka taru a kanta. Ka yanko hannun daga gwiwar wando, wurin da ya fi ko'ina cinyewa. Wandon kuma irin mai roba ne da ke miƙewa, wanda bai dace da ɗaukar nauyin littattafai ba. Sannan ka kafa hannun da layi ɗaya, da allura lamba 14 da siririn zaren da muke ɗinka shadda. Jins yana son allura lamba 16, wurin da ya ninku sosai lamba 18, da zare mai kauri, kuma ka ƙara tsawon taku a jikin keke, domin ƙananan taku suna huda yadin kusa da kusa har ya yage a kan layin. Ƙugun wando shi ne hannun jaka, tunda a ninke yake tun daga masana'anta. Ka kafa shi da ɗinki mai kusurwa huɗu, ka ratsa tsakiyarsa da layi biyu masu giciye, ka sa ƙyalle a ciki ya tallafe shi. Inda ɗinki ya taru ya yi tudu, ka daddaka shi da guduma a kan katako kafin ya shiga keke, ka riƙa juya keken da hannu har ka wuce wurin, in ba haka ba keken ɗinkinmu Butterfly zai karya maka allura uku a jaka ɗaya. Bayan ƙafar wando daga ƙasan gwiwa zuwa idon sawu shi ne yadin da ya fi lafiya, shi za ka ba jikin jaka, ka yi mata shafi da ragowar rigar auduga.

Game da saye, kada ka bi ado, ka bi girma da lafiyar yadi. Kayan nan a dila suke zuwa, akasari ta Kwatano, kuma ranar da aka fasa dila masu shaguna ne suke kwashe na farko da tsada domin su sayar yadda suke. Kai ba su kake nema ba. Abin da ya rage saboda ya yi wa kowa yawa, ko kwalarsa ta cinye, ko zif ya mutu, shi ne naka, domin farashinsa ya faɗi alhali yadinsa lafiya lau. Ka ɗaga riga ka duba ta a hasken rana, inda haske ya fi ratsawa ya mutu. Ka duba hammata da gwiwar hannu da hantsar wando. Ka ɗan ja yadin kusa da kunnenka, idan ka ji yana ƙara kamar zai dare to ya ruɓe, ka ajiye shi ko kyauta aka ba ka. Takardar da ke wuyan riga ko gefenta takan faɗi abin da aka saƙa ta da shi. Idan ta goge, ka zare ɗan zare a gida ka kusanta shi da ashana: auduga tana ci da warin takarda ta bar toka mai laushi, roba tana narkewa ta dunƙule ta yi tauri, ulu kuma warin ƙonannen gashi yake yi. Amfanin sanin wannan shi ne kada ka haɗa auduga da roba a riga ɗaya, ko mai nauyi da mara nauyi, domin ba sa tsukewa tare, kuma zafin dutsen guga da ɗaya yake so shi ne zai ƙone ɗayan. Riguna masu miƙewa da suwaita ka bar su tukuna, suna buƙatar keken wibin, wato mai ɗaure bakin yadi, ko ɗinkin zigzag, za mu zo kansu kafin sanyin hunturu ya shigo, lokacin da ake neman hulunan yara.

Wajen kuɗi, ka lissafa lokacin farka da wanki da guga, domin sun fi ɗinkin kansa cin lokaci, kuma nan ne masu fara wannan aiki suke faɗuwa ba su sani ba. Jaka ta fi riga riba, musamman idan makarantu za su koma ko ka kai Samaru wajen ɗaliban jami'a, waɗanda suke son ta saboda aljihun jins da ke jikinta. Kuma duk wanda zai saya ka gaya masa daga gwanjo ka fitar. Ban yarda wani ya sayar da shi a matsayin sabo da sunan shagona ba, kuma uwar yarinyar da ka ɗinka wa rigar nan ka mayar mata da kuɗinta ko ka sake mata wata.

Ragowar riguna biyu da wando ɗaya kada ka sa musu almakashi. Ka wanke su yau, ka zo da su ranar Asabar bayan sallar azahar tare da sabuwar reza da alli, mu farke ta farko tare, ta biyu ka farke ina kallo.