Tattaki Cikin Kwari a Tsakiyar Damina: Amsa ga Wani Ɗalibi a Indiya

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, Allah Ya ƙara lafiya. Ni ɗalibi ne a birnin Pune na ƙasar Indiya. Yanzu muna tsakiyar daminarsu ta monsun, kuma a nan matasa sun saba fita ranar hutu su yi tattaki cikin tsaunuka. Ni da abokaina, wasu Musulmin Indiya wasu ba Musulmi ba, mun shirya zuwa wani kwari mai nisan kusan kilomita 70 daga gari. Za mu tashi da mota bayan Asuba, mu gangara da ƙafa, mu tsallaka ƙoramu, mu dawo da dare. Wani ɗan'uwa ya ce mini wannan jefa kai ne cikin halaka, haramun ne. Wani kuma ya ce in tafi abina, tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Malam, ina gaskiya take? In ya halatta, zan iya kasaru da haɗa salla saboda ruwan sama? Yaya alwala da ruwa mai laka, da jinin matsattsaku da aka ce sun cika wurin?

AMSA

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Allah Ya yi maka albarka, ɗana, da ka yi tambaya tun ba ka ɗaura takalmi ba.

Fita domin kallon ƙasa da shan iska halal ne a asalinsa. Abu Dawuda ya ruwaito cewa an tambayi Nana A'isha game da fita daji, sai ta ce Manzon Allah (SAW) ya kasance yana fita zuwa magangarun ruwa. Muslim kuma ya ruwaito daga Anas cewa ruwan sama ya taɓa samunsu tare da Annabi (SAW), sai ya yaye wani sashe na tufafinsa don ruwan ya taɓa jikinsa. Abota da wanda ba Musulmi ba a irin wannan tafiya ma ba laifi, matuƙar ba za a zauna da kai a kan giya ba, kuma ba za a ja ka yin wani abu a wuraren bautarsu da ke kan hanya ba. Saboda haka wanda ya ce maka haramun ne kai tsaye ya yi gaggawa.

Na biyun kuwa kuskurensa ya fi girma. Gaskiya ne ajali ba ya wuce ranarsa, amma ba a umarce mu mu yi aiki da abin da aka ɓoye mana ba. Sayyidina Umar ya juya daga hanyar Sham da ya ji annoba ta ɓarke, aka ce masa gudun ƙaddarar Allah yake yi, ya ce: "Muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah." Allah Ya ce a Suratul Baƙara, aya ta 195: "Kada ku jefa kanku da hannuwanku zuwa ga halaka." Na san Abu Ayyuba al-Ansari ya bayyana cewa ayar ta sauka ne a kan zama ana kula da dukiya a bar jihadi, amma malamai sun yi aiki da faɗin lafazinta, ga kuma aya ta 29 a Suratun Nisa'i da ta hana mutum kashe kansa. Ma'aunin da malaman fiƙihu suka kafa, tun lokacin da suke magana a kan hawa teku, shi ne rinjayen zaton tsira. Idan abin da ya rinjaya shi ne a je lafiya a dawo lafiya, ya halatta. Idan halaka ta rinjaya, ya haramta. Kwari ɗaya ne, hanya ɗaya ce, amma zai iya halatta ranar Asabar ya haramta ranar Lahadi.

To wa zai faɗa maka abin da ya rinjaya? Nan ne matasa suke ruɗuwa, domin suna leƙa taga su ga yayyafi, su ce ai yau garin da sauƙi. Tsaunukan da ke yamma da ku, waɗanda ake kira Western Ghats ko Sahyadri, su ne ke tare iskar da ke tasowa daga Tekun Larabawa ɗauke da laima daga Yuni zuwa Satumba. Iskar tana hawa dutsen ta sauke ruwanta a can, abin da ke ƙetarowa zuwa Pune saura ne kawai. Mahabaleshwar, da ke kan tsaunin, tana samun fiye da milimita 5,000 na ruwa a shekara, Pune kuwa ba ta kai 1,000 ba. Ka ga sararin samaniyar unguwarku ba shaida ba ne a kan abin da ke sauka a can. Haka kuma a cikin kwarin kansa: ruwan da ke kashe mutane yawanci ba wanda ke zuba a kansu ba ne, wanda ya sauka a saman dutse ne, inda ba sa gani, ya taru ta kowane lungu ya biyo hanya ɗaya. Alƙur'ani ya siffanta wannan a Suratur Ra'adi, aya ta 17, inda Allah Ya ce Ya saukar da ruwa daga sama, sai kwaruruka suka kwarara gwargwadon girmansu. Ƙoramar da kuka tsallaka da safe tana iya idon sawu, da La'asar za ku iya tarar da ita iya ƙirji, kuma ita ce hanyarku ta komawa mota. Ruwa mai gudu da bai kai gwiwa ba yana kayar da ƙato, balle a kan dutse mai gansakuka.

Wannan ba zato ba ne. Ranar 30 ga Yunin 2024, kusa da madatsar ruwa ta Bhushi a Lonavala, ruwa ya taso wa wasu 'yan gida ɗaya da suka je shaƙatawa, ya tafi da mace ɗaya da yara 4, jama'a na gefe suna gani ba yadda za su yi. Shekara 10 kafin nan, ranar 30 ga Yulin 2014, ƙasa ta zaftare bayan mamakon ruwa ta binne ƙauyen Malin a gundumar Pune, fiye da mutum 150 suka rasu.

Saboda haka abin dogaro shi ne maganar masana, kamar yadda Allah Ya ce a tambayi ma'abota sani idan ba a sani ba. Hukumar hasashen yanayi ta Indiya tana fitar da gargaɗi mai launi 4: kore, rawaya, ruwan goro da ja. Abin da nake ba ka fatawa da shi: ranar da aka sa ja ko ruwan goro a kan yankin tsaunukan, shiga kwarin haramun ne a kanka, ko da an riga an biya kuɗin mota. Haka idan hukumar gunduma ko ta gandun daji ta rufe wurin, kamar yadda suke yi a wasu magangarun ruwa cikin damina. Kada wani ya ce maka ai dokar waɗanda ba Musulmi ba ce. Ka shiga ƙasarsu da biza, biza kuwa alkawari ce, Allah Ya ce a cika alkawura. Ban da haka, wanda ya ƙetare shinge ya maƙale, wasu bayin Allah ne za su sa rayukansu a haɗari wajen ciro shi, Annabi (SAW) kuwa ya ce ba cuta ba cutarwa. Idan mutanen ƙauyen da ke bakin kwarin suka ce yau ba a shiga, maganarsu ta fi ta waya, su suka san halin ruwansu. A ranar rawaya kuma, barin tafiyar ya fi soyuwa gare ni, sai in hanyar ba ta ratsa ƙorama.

Idan rana ta yi kyau aka buɗe hanya, ku tafi, amma bisa tsarin sunna. Annabi (SAW) ya ce idan mutum 3 suka fita tafiya su naɗa ɗayansu shugaba. Ku zaɓi wanda ya fi sanin hanya da natsuwa, ba wanda ya fi baki ba, ku ɗauki ɗan jagora daga mutanen wurin, ku yanke lokacin juyowa tun kuna mota, in ya yi a juyo ko an kai ko ba a kai ba. Akwai hadisin da kamar saboda ku aka faɗe shi. Abu Sa'alaba al-Khushani ya ce sahabbai sun kasance idan aka yada zango sai su warwatsu, sai Annabi (SAW) ya ce: "Wannan rarrabuwar taku cikin kwazazzabai da kwaruruka daga Shaiɗan take." Daga nan suka riƙa matsowa kusa da juna. Wanda ya ware shi kaɗai ya hau bakin dutse neman hoto ya saɓa wa wannan. In kun ga ruwa ya juya daga garau zuwa ja, ya fara kawo ganye da itace, ko kun ji rugugi daga sama, ku hau tudu nan take, ku bar jaka da takalmi. Jabir ya ce idan suna hawa sukan yi kabbara, idan suna gangarawa sukan yi tasbihi, ku riƙe wannan.

Sai batun salla. Kasaru ba ta hau kanka ba. Tazararta a wurin Malikiyya baridi 4 ne, wato mil 48, abin da malaman zamani suke ƙiyastawa da kusan kilomita 80 ko ɗan fiye. Zuwa kaɗai ake lissafawa, ba a haɗa shi da dawowa, don haka 70 ɗinku ba ta zama 140 ba. Ko da ma ta kai, Shaihu Khalil, malamin Malikiyya mai littafin Mukhtasar, ya cire mai tafiyar saɓo da mai tafiyar wasa daga waɗanda aka sunnanta wa kasaru, ko da yake wasu malamai, musamman cikin Hambaliyya, sun yarda da ita a tafiyar shaƙatawa ta halal. Kai dai cika sallarka raka'a 4.

Haɗa salla saboda ruwan sama ma ba naka ba ne. A mazhabar Malik rangwamen na Magariba da Isha'i ne, a masallaci, don a sauwaƙe wa mutane dawowa cikin duhu da taɓo. Wanda ya bar ɗakinsa ya tafi neman ruwan da ƙafarsa bai shiga ciki ba. Haɗawa saboda tafiya kuwa, Malikiyya sun yarda da ita a tafiyar tudu, wato wadda ba ta kan ruwa ba, ko da gajeriya ce, sai dai wancan sharaɗi na tafiyar wasa yana nan, abokanka Hanafawa, mabiya mazhabar Abu Hanifa, kuma ba sa haɗa salla sai a Arfa da Muzdalifa. Mafita mai sauƙi ita ce ka jinkirta Azahar zuwa ƙarshen lokacinta, kana sallamewa La'asar ta shiga, ka tashi ka yi ta. Kowace ta faɗa a lokacinta, ba wanda zai yi maka inkari. A Yuli rana tana karkata a yankinku wajen 12:40, La'asar tana shiga wajen ƙarfe 4, Hanafawa kuma sukan jira har bayan 5, kada hakan ya zama abin gardama a tsakaninku. Amma da ni ne, da zarar an sami fili mai tsauri bayan rana ta karkata zan sauke Azahar, domin ba ka san abin da yamma za ta zo da shi ba. Alƙibla daga nan yamma take, da ɗan karkata zuwa arewa. Ka duba ta tun waya tana da caji, don rana ba ta cika leƙowa ba.

Ruwan ƙorama da laka ta canja masa launi mai tsarki ne mai tsarkakewa. Ibn Abi Zaid ya faɗa a Risala cewa canjin da ƙasar da ruwa yake cikinta ta jawo ba ya cutarwa. Yi alwalarka, kuma ba taimama ga mutumin da ruwa ke zuba a kansa. Taɓon hanya da ya fantsama a wando an yi afuwa a kansa, sai in najasa ce ƙarara ka gani. Jiƙaƙƙen tufafi ba ya ɓata salla, sai dai ka kula da al'aura: gajeren wando da bai rufe gwiwa ba, ko yadi mai shara-shara da ruwa ya manne shi a jiki har fata ta bayyana, ba su wadatar ba. Sa busasshen zane ko dogon wando a leda. Salla da takalmi mai tsarki ta tabbata daga Annabi (SAW). Sujada a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa ma haka, domin Abu Sa'id al-Khudri ya ga alamar ruwa da laka a goshin Manzon Allah (SAW) bayan sallar Asuba, daren da rufin masallaci ya yi yoyo. Sai idan caɓi ne wanda fuska za ta nutse, babu kuma wani wuri, lokaci yana shirin fita, to ka yi salla a tsaye da nuni, nunin sujada ya fi na ruku'u ƙasa. Wanda kuma ambaliya ta biyo shi yana gudu, ya yi salla yana tafe ko ta ina ya fuskanta, bisa aya ta 239 a Suratul Baƙara.

Matsattsaku kuwa, a yawunsu akwai sinadarin da ke hana jini daskarewa, shi ya sa za ka cire safa ka tarar da ita jawur, wurin cizon yana ta tsattsafowa bayan sun faɗi. Fitar jini ba ta warware alwala a wurin Malik da Shafi'i. Tana warwarewa a wurin Abu Hanifa idan ya kwarara, don haka za ka ga abokanka suna sake alwala, kai ba sai ka sake ba. Ka wanke abin da ya wuce faɗin dirhami, ka ɗaure wurin. Wanda ya ci gaba da fitowa da kansa bayan haka an yafe shi, Sayyidina Umar ya yi salla rauninsa yana zubar da jini, kamar yadda ya zo a Muwaɗɗa.

Kada ku sa tafiyar ranar Juma'a. Fita bayan alfijir a ranar makaruhi ne ga wanda Juma'a ta wajaba a kansa, bayan rana ta karkata kuma haramun ne, sai in zai riske ta a hanya. Sannan abin da ba ka tambaya ba: idan iyayenka suka ji suka hana saboda tsoron abin da zai same ka, ka haƙura, tafiyar nishaɗi ba ta kai matsayin da za a saɓa musu a kanta ba.

Wallahu a'alam.