Ƙanwata, ku ne masu ƙara, kada ku sa sunan yaron

Sannu da jinya, Allah ya ba shi lafiya. Kin ce kafin aure an auna jininku aka ce mijinki AA ne, sai ga ɗanku na fari da amosanin jini, da aka sake awo aka tarar shi ma AS ne kamar ke. Kuma wani ya ce maki ku shigar da ƙara da sunan yaron, wai diyya za ta fi kauri. Na daɗe ina riƙe da takardu a ofishin wani lauya nan Maradi, bari in gaya maki abin da na sani.

Mai ba ki shawarar nan rabin labari ya ji, kuma labarin Faransa ne. An haifi Nicolas Perruche a 1983 kurma, kusan makaho, ƙwaƙwalwa a taɓe. Uwarsa ta kamu da rubella, wata irin ƙyanda, tana da cikinsa. Likita da masu awo suka ce mata ba komai, alhali ta faɗa cewa in cutar ce ba za ta bar cikin ba. Ranar 17 ga Nuwamba 2000 babbar kotun ƙasar ta ce a biya shi kansa yaron diyya. Ƙasa ta ɗauki zafi, masu duban ciki suka yi yajin aiki, iyayen naƙasassu da yawa suka ce an mai da ran ƴaƴansu hasara. Dokar 4 ga Maris 2002 ta toshe ƙofar: ba wanda zai nemi diyya don kawai an haife shi. Iyaye na iya neman tasu in kuskuren likita bayyananne ne, amma kuɗin ɗawainiyar naƙasa an ɗora shi kan gwamnati. Ingila tun 1982 ta ƙi irin wannan ƙara a shari'ar McKay. A Amurka jihohi ƙalilan ne irin su Kalifoniya suke karɓa, su ma kuɗin magani kaɗai.

Dalilin a fili yake. Mai awo bai sa wa ɗanki cuta ba, gado ce. Da bai yi kuskure ba, ba lafiya yaron zai samu ba, ba za a haife shi ba ne sam. To da wane sikeli alƙali zai auna rai da rashinsa? Balle nan gida, ki tsaya gaban jama'a ki ce gara ba a haifi ɗanki ba. Surukarki ma ba za ta yafe maki ba.

Dokar Faransa ba ta hawa kanmu. Abin da lauyanki zai riƙe shi ne aya ta 1382 ta kundin dokar farar hula na nan Nijar: wanda kuskurensa ya cuci wani, shi zai biya. Sai kun nuna kuskuren, kun nuna hasarar, kun nuna wannan ne ya jawo wancan. In wurin awon na gwamnati ne, hanyar ƙarar daban take, ki fara faɗa wa lauya wannan.

Nuna kuskuren ne ke kayar da mutane. Wani bawan Allah ya taɓa zuwa mana daga wajen Tibiri da leda cike da takardun magani, ya zube su kan tebur, har da na ƙarin jini sau huɗu. Lauyan ya ce ina takardar awon farko? Ya ce da baki aka gaya masa. Nan maganar ta mutu, ya tattara ledarsa yana share ido da hannun riga.

Ki nemo taku yau ɗin nan, mai suna da kwanan wata da hatimi. Za su kuma tambaye ku ko da gaske kun fasa auren da kun sani, don haka ki tuna wa ya ji kun yi wannan sharaɗi, waliyyinki ko wanda ya raka ku. Kuma kafin wani ciki ku zauna da likita, don AS da AS, a kowane ciki haɗarin amosanin jini ɗaya cikin huɗu ne.