Waya Ba Ta Ganin Bayan Ganye

Tambaya: A tsaunukan Alps da ke Turai na ɗauki hoton wani gajeren tsiro da ganyensa ba ya zuba. Manhajar Google Lens ta ba ni suna, manhajar gane tsirrai ta Pl@ntNet ta ba ni wani. Wanne ne daidai?

Amsa: Malam, na ga hoton. Rabinsa duwatsu ne, ga kuma bakin takalminka. Ko masanin tsirrai ba zai ce uffan a kansa ba, balle manhaja. Wannan ɗabi'ar tana ci min tuwo a ƙwarya: mutum ya danna sau ɗaya daga nesa, ya rungumi sunan farko kamar yankan wuƙa.

Sanyi da iska sun sa tsirran kan tsauni kama da juna: gajeru, ganye ƙanana masu kauri. Bambancin na bayan ganye. Dubi nau'i biyu na tsiron Rhododendron da ke Alps. Ferrugineum, bayan ganyensa launin tsatsa ne, ƙasa mai tsami yake so. Hirsutum kuwa gashi gare shi a gefen ganye, kan dutsen farar ƙasa yake fitowa. Daga nesa, kyamara ba ta ganin ko ɗaya.

Durƙusa. Juya ganye, matso kamar santimita 10, ka taɓa allo a kansa har ya fito tas. Kar ka jawo hoto da yatsa, dusashewa yake. Tare iska da jikinka. Ka haɗa ganye, fure, 'ya'ya da tsiron gaba ɗaya a bincike guda, ka gaya wa Pl@ntNet wane sashe ne kowanne, ka zaɓi tsirran yankin da kake. Idan makin da ta bayar bai kai rabi ba, ni ba na karɓa. Dandalin iNaturalist na masu nazarin halittu nake kai hoton mutane su tantance. Kuma don Allah kar ka sa 'ya'yan wani tsiro a baki don waya ta ce ana ci.

Tambaya: Babu sabis a kan dutse.

Amsa: Sauke Seek, manhajar gane tsirrai da dabbobi, kafin ki hau, Hajiya. Ba ta buƙatar intanet.

Tambaya: Na tura hoton ta WhatsApp, ya dusashe, bayanin wurin ya ɓace.

Amsa: Matse shi take yi. Tura shi a matsayin fayil.

Tambaya: Batirina na mutuwa a sanyi alhali da caji.

Amsa: Halin batirin litiyam ke nan. Aljihun ciki, kusa da jiki.