Amsa kan mai son shugabanci da mai gudunsa

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, ka ce kuna da ƙungiyar taimakon kai da kai a Ƙofar Ƙaura kuma zaɓen shugabanni ya matso. Akwai wanda ba a yanke magana sai da bakinsa. Akwai wanda rabin aikin ƙungiya a wuyansa yake, amma in an ba shi muƙami sai ya ce a kai kasuwa. Sai mai ɗoki ranar farko wanda ba a sake ganin ƙeyarsa, da mai tsinto aibi a kowace shawara. Tambayarka ita ce ko na farkon son girma ke damunsa, na biyun kuma rashin kishi.

Ba lallai ba ne. Su huɗun nan kowa yana son maganarsa ta yi tasiri. Inda suka rabu shi ne abin da ke tsayar da kowannensu kan aiki, da hanyar da yake bi ya juya mutane. In kuka auna su da ma'auni guda, wato waye ya fi ɗaga murya a taro, za ku yi zaɓen tumun dare.

Rabon ɗabi'a gida huɗu tsohon ilimi ne. Likitocin Girka, Buƙraɗa da Jalinusu, suka jingina shi ga ruwaye huɗu na jiki: jini, ruwan madaciya, majina da baƙin ruwan da suka ce daga saifa yake. Ibn Sina ya ɗauko shi ya faɗaɗa, ta nan ya iso zaurukan malamanmu da sunayen damawi, safrawi, balgami da saudawi, ana haɗa su da iska, wuta, ruwa da ƙasa. Likitancin yau bai yarda cewa ruwayen nan ne ke haifar da hali ba, kuma yawancin mutane gauraye suke, ba tsantsar gida guda ba. Amma siffofin da aka zana suna nan a kowace majalisa, shi ya sa nake amfani da su don sauƙin magana, ba don a buga wa mutum hatimi ba.

Abin da ya fi kusa da tambayarka aikin David McClelland ne, masanin halayyar ɗan Adam a jami'ar Harvard ta Amurka. Ya ware buƙatu uku da ke tuƙa mutum: son ya cim ma abu da hannunsa, son a ƙaunace shi a zauna lafiya da shi, da son iko a kan yadda wasu ke tafiya. A 1976 shi da David Burnham suka fitar da abin da suka gani a wajen manajoji, kuma ya saɓa wa zaton mutane da yawa. Waɗanda suka fi iya riƙon jama'a su ne masu son iko fiye da son a so su, amma da sharaɗi guda: su kasance masu kame kansu, masu karkata ikon ga amfanin ma'aikata ba ga kansu ba. Wanda son a ƙaunace shi ya yi wa yawa kan yi wa wannan sassauci yau, ya ɗaga wa wancan ƙafa gobe, har sauran su ga babu adalci su saki jiki. Wanda kuma burinsa ya gama aiki da hannunsa ba ya iya raba aiki, komai sai shi.

To mu dawo kan mutuminku na farko, mai zafin nama. Abin da ke motsa irinsa shi ne ya ga abu ya tashi daga nan ya koma can saboda shi ya ce. Jinkiri na ƙona masa rai fiye da kuskure. Wannan ba aibi ba ne a karan kansa; ƙungiyar da babu irinsa takan shekara tana tattauna gyaran kwalbati guda. Abin bincike shi ne ikon nan don wa yake so, kuma ana gane haka ta abubuwa uku da kuna iya dubawa kafin ranar zaɓe. Ku tuna lokacin da aka kayar da shawararsa aka ɗauki ta wani: ya sa hannu a aikin ko ya janye jiki yana jiran a faɗi? Ku tuna aikin da ya yi nasara aka yaba wa wani: ya yi shiru ko sai da ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya yana gyara labarin? Na uku, wanda ya fi nauyi a wurina, ku duba ko akwai wani matashi da ya koya wa abin da ya iya har yaron ya tsaya da ƙafarsa. Mai son iko don kansa ba ya ƙaunar a samu wanda zai iya maye gurbinsa. Yana tara mabiya masu biyayya gare shi, ba ga ƙungiya ba, kuma ranar da ya yi fushi ya fita, da su zai fita.

In ya tsallake biyu cikin ukun nan, ku ba shi shugabancin, amma ku ɗaure shi da tsarin mulki tun kafin ya hau. Wa'adi shekara biyu, ba a wuce zango biyu. Asusun banki da masu sa hannu uku, kuɗi ba ya fita sai da biyu daga cikinsu. A yanke iyakar abin da shugaba zai iya kashewa ba tare da taro ba, a rubuta adadin. Ku yi wannan yanzu, domin in kuka bari sai bayan ya hau, zai ɗauka da shi ake, rigima ta tashi. In kuwa ya faɗi duka ukun, kada ku kore shi kuma kada ku bar shi hannu rabbana, don mai zafin nama da ba shi da aiki shi ke zama jagoran 'yan adawa. Ku damƙa masa aiki guda mai iyaka da ranar gamawa, kamar bin takardar ƙungiya a sakatariyar ƙaramar hukuma ko kula da aikin gayya na yashe magudanar ruwa kafin damina.

Mutum na biyu shi ake yawan zalunta da mummunar fahimta. Mai sanyin hali yana son tasiri, sai dai ba ya son farashin da ake biya a bainar jama'a: jayayya, a ƙi shi, ko ya ɓata wa wani. Tasirinsa a bayan fage yake, shi ake zuwa wa da dare in biyu sun saɓa, kuma sau da yawa abin da aka yanke a taro shi ya riga ya daidaita shi a ƙofar gida. Mu a Katsina bai kamata shiru ya ruɗe mu ba. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa an san shi da ƙarancin magana, amma ya tsaya takarar gwamna a 1991 ya faɗi, ya dawo ya ci a 1999, ya yi shekara takwas, sannan ya zama shugaban ƙasa a 2007. Wanda ba ya son tasiri ba ya komawa takara bayan ya sha kaye.

Akwai ma binciken da Adam Grant, masanin halayyar ɗan Adam a wurin aiki, da abokan aikinsa suka wallafa a 2011 a kan shagunan sayar da abinci a Amurka. Inda ma'aikata ke jiran umarni, shugaba mai yawan magana ya fi kawo riba da kashi 16 cikin 100. Inda ma'aikata ke kawo shawara da kansu, ribar irin wannan shugaba ta ragu da kashi 14, domin yakan ji shawarar a matsayin ƙalubale, shi kuwa mai shiru yana saurare ya yi aiki da ita. Saboda haka ka dubi 'yan ƙungiyarku. In yawancinsu sai an tura, kuna buƙatar mai zafi a gaba. In kowa da ra'ayinsa da kuzarinsa, mai sanyin zai fi riƙe su.

Yadda ake shawo kansa ba a tsakiyar taro ba ne. In aka ambaci sunansa a gaban mutane zai ƙi, in ya ƙi kuma kunya ba za ta bar shi ya janye ba. Mutum biyu da yake ganin girmansu su same shi a gida mako guda kafin zaɓe. Kada a ce masa ya cancanta, wannan ba ya motsa shi. A nuna masa abin da zai lalace in bai karɓa ba, da waɗanda za su cutu. Rauninsa kuwa ku san shi: ba ya iya cewa a'a. Kada ku ba shi karɓar bashi ko tarar makara, don zai yafe wa kowa, wani lokaci ma ya cike daga aljihunsa ya yi shiru. Mataimakin shugaba ko shugaban kwamitin sulhu ya fi dacewa da shi in ya ƙi kujerar gaba.

Mai ɗokin nan jama'a ce abincinsa, da sabon abu, da a gan shi. Ku ba shi hulɗa da jama'a, neman sababbin mambobi da ranar ƙaddamar da asusu, aiki gajere da ake gamawa cikin mako biyu. Kada ku ba shi littafin kuɗi. Ba don zai ci ba, don zai ce gobe zai rubuta.

Mai tsinto aibi kuwa abin da ke tuƙa shi shi ne a yi abu daidai, kuma kuskure na hana shi barci. Shi ne ma'aji ko mai binciken kuɗi da sakatare. Matsalar da ake samu da shi ta lokaci ce: in ya soki shawara tana jaririya, sai masu kawo ta su yi sanyi. Ku raba taro kashi biyu, a fara jera shawarwari babu suka, sannan a ce masa bisimilla. Ku kuma ba shi ajanda kwana uku kafin taro, don irinsa ba ya son a yi masa ba-zata. Abin da aka jefo masa nan take, a'a zai ce ko da mai kyau ne. Kada a yi masa gyara a gaban jama'a, yana riƙe abu ya daɗe.

Za a kawo maka hadisin Abdurrahman ɗan Samura da ya hana neman shugabanci, kuma ingantacce ne, Bukhari da Muslim suka ruwaito. Amma a haɗa shi da sauran. Annabi Yusuf, alaihis salam, da kansa ya nemi a ɗora shi kan taskokin Masar, ya kafa hujja da cewa shi mai tsarewa ne, masani, kamar yadda ya zo a aya ta 55 ta surarsa. Abu Zarri kuma, duk da gaskiyarsa da gudun duniyarsa, da ya nemi a ba shi aiki Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce masa shi mai rauni ne kuma abin amana ne. Ke nan nagartar mutum daban, dacewarsa da kujera daban, kuma faɗin haka ba cin mutunci ba ne.

Ranar zaɓen, kada ku yi na ɗaga hannu. Masu sanyin hali da masu kunya za su bi hannun da ya fara tashi, sakamakon ya zama ra'ayin mutum uku masu murya. Ku raba takarda, kowa ya rubuta a ɓoye, mutum biyu da ba sa takara su ƙirga a gaban kowa. Kafin a jefa ƙuri'a sakatare ya karanta aikin kowace kujera da abin da aka hana mai riƙe da ita, a kuma fara da zaɓen ma'aji da mai binciken kuɗi kafin na shugaba, don kada wanda ya ci ya nuna da ido wanda yake so a ba kuɗin.