Tambaya da Amsa: Shin Madara Tana Kare Ma'aikaci Daga Gubar Dalma?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Shekara huɗu ke nan ina aiki a wani wuri da ake fasa tsofaffin baturan mota ana narka dalmar da ke cikinsu. Tun bara nake fama da ciwon ciki mai murɗawa, da taurin bayan gida, da ciwon kai da kasala, kuma kwanan nan na lura wuyan hannuna na dama ba shi da ƙarfi kamar da. An yi mini maganin taifot da na gyambon ciki sau da yawa, amma babu sauƙi. Mai wurin yana raba mana gwangwanin madara duk Juma'a, yana cewa tana wanke hayaƙin da muke shaƙa. Ina da mata da yara biyu ƙanana. Shin aikin ne ya jawo mini wannan ciwo, kuma ta yaya ake ganewa? Daga wani mai karatu a Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah Ya ba ka lafiya. Alamomin da ka lissafa, musamman murɗawar ciki da taurin bayan gida da mutuwar wuyan hannu, suna cikin sanannun alamomin gubar dalma ga manya, kuma aikin da kake yi yana cikin ayyukan da suka fi jawo ta a duniya. Sai dai alama kaɗai ba ta isa a yanke hukunci ba. Abin da ke tabbatarwa shi ne awon jini na musamman da ke nuna yawan dalmar da ke jikinka, wanda ya bambanta da awon taifot ko na zazzaɓin cizon sauro. Ka je babban asibiti, mafi kyau asibitin koyarwa, kuma kafin likita ya tambaye ka, ka faɗa masa sana'arka da shekarun da ka yi kana yin ta. Tun a shekarar 1700 wani likita ɗan ƙasar Italiya, Bernardino Ramazzini, ya shawarci likitoci su riƙa tambayar mara lafiya irin aikin da yake yi, amma har yau akwai masu shan maganin gyambon ciki shekara da shekaru saboda ba a yi musu wannan tambayar ba.

Game da madara, ina so ka ji ni da kyau: ba ta wanke huhu, ba ta kuma fitar da dalma daga jini. Abinci ce mai amfani, iyakarta ke nan. Dalma tana shiga jiki ta hanyar shaƙar hayaƙi da ƙura, da kuma ta baki idan mutum ya ci abinci, ko ya ci goro, ko ya sha taba da hannun da bai wanke ba. Daga jini sai ta wuce ta zauna a ƙashi da haƙora, inda takan yi shekaru masu yawa tana komawa jini kaɗan-kaɗan, tana taɓa ƙoda da jijiyoyi, tana jawo hawan jini da ƙarancin jini, har ma da matsalar haihuwa. Abin da ya fi damuna da wannan al'ada ta rabon madara shi ne tana kwantar wa ma'aikaci da hankali a kan abin da bai kamata hankalinsa ya kwanta ba, kuma idan a cikin wurin aikin ake shan ta, tana iya zama hanyar da ƙurar ke bi ta shiga ciki.

Binciken wurin aiki kuwa yana da tsari. Mai bincike yakan fara da zagaya wurin yana bin aikin daga farko har ƙarshe, ya ga inda ake fasa batur, da inda ake zubar da ruwansa, da inda ake narkawa, ya kuma duba ko hayaƙin yana da mafita ko a kan fuskokin mutane yake tashi. Yakan zauna da ma'aikata ya saurare su, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma idan mutum uku ko huɗu a sashe guda suna kuka da ciwo iri ɗaya, wannan babbar shaida ce. Daga nan sai awo. Akan maƙala wa ma'aikaci wata ƙaramar na'ura a kusa da wuyan rigarsa, ta yini tana zuƙar iskar da yake shaƙa tana tace ƙurar, sannan a kai ɗakin gwaji a auna. A Amurka, misali, doka ta hana dalmar da ke cikin iskar wurin aiki ta wuce maikirogiram 50 (maikirogiram ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin miliyan na giram) a kowace kubik mita ta iska, idan aka ɗauki matsakaicin awa takwas. Akan kuma goge tebura da wurin cin abinci da tufafi a auna ƙurar da ta sauka, sannan a ɗebi jinin ma'aikata. Idan aka haɗa sakamakon iska da na jini ne ake sanin inda gubar take fitowa da wanda ta fi kamawa.

Ka ambaci yara biyu, kuma a nan ne nake so ka fi mai da hankali. Ƙurar dalma tana bin ma'aikaci gida a riga da takalmi da gashi da babur. Jikin yaro yana ɗaukar dalmar da ya haɗiya ninki huɗu zuwa biyar na abin da jikin babba yake ɗauka, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadi na dalma a jini da za a ce ba shi da illa. Mu a Arewa mun ga wannan da idonmu. A shekarar 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano mace-macen yara a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, inda masu haƙar zinari suke kai duwatsu cikin gida ana daka su ana niƙa su, alhali duwatsun cike suke da dalma. Yara fiye da 400 suka rasu. Sai da aka kwashe ƙasar tsakar gidaje aka zuba sabuwa kafin magani ya yi amfani, kuma garin Bagega bai samu wannan aiki ba sai a 2013. A 2015 irin haka ta sake faruwa a Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja, inda yara 28 suka rasu. Saboda haka daga yau kada kayan aikinka su sake shiga gida, ka yi wanka ka sauya tufafi kafin ka ɗauki yaro, kuma a auna jinin yaran da na mahaifiyarsu, balle ma idan tana da juna biyu.

Ta fuskar doka kana da haƙƙi. Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta wa mai masana'anta ya samar da hanyar fitar da ƙura da hayaƙi, da wurin wanke hannu, da kayan kariya, kuma sufetocin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya suna da ikon shiga su duba. Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 kuma ta tanadi diyya ga wanda aiki ya sa wa cuta, ta hannun asusun inshorar ma'aikata na gwamnatin tarayya, wato NSITF, wanda mai ɗaukar aiki ke zuba wa kashi ɗaya cikin ɗari na jimillar albashin ma'aikatansa. Na san tsoron rasa aiki ba ƙaramin abu ba ne ga mai iyali, shi ya sa nake ba ka shawara ku haɗu da abokan aikinka ku yi awon tare, ku adana takardun sakamako, ku kai koke a rubuce. Idan awon ya nuna dalma ta yi yawa, matakin farko shi ne nisantar wurin narkawa. Akwai magungunan da ke jawo ta daga jini, amma likita ne kaɗai zai ba da su, kuma ba su da amfani ga wanda zai koma cikin hayaƙin washegari.

TAMBAYA: Malam, a wurin fasa dutse nake aiki, kuma ina ɗaura ƙyalle a hanci. Ya wadatar? Daga wani mai karatu a Jihar Kaduna.

AMSA: Bai wadatar ba, ɗan'uwa. Ƙurar da ke yin ɓarna ita ce mai laushin da ido ba ya gani, wadda take ratsa ƙyalle ta sauka can ƙasan huhu ta bar tabon da ba ya warkewa, kuma mai irin wannan tabo ya fi saurin kamuwa da tarin fuka. Abin da ya fi rage ta shi ne zuba ruwa a bakin injin da kan dutsen lokacin fasawa, da daina share busasshiyar ƙura da tsintsiya, sannan a ƙara da takunkumi mai matata wanda ya kama fuska sosai. Idan kana tari fiye da mako biyu, ko numfashinka yana yankewa a kan ɗan aiki, ka je a ɗauki hoton ƙirjinka a kuma gwada majinarka, ka faɗa wa likita shekara nawa ka yi a wurin dutse.